Ɗakin kyauta a jirgin ruwa: tayin gidan caca ko biyan kuɗi da hannunka?

A watan da ya gabata na je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei gaishe da wani kawuna, sai ya jawo ni cikin shago, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan da kyau, don Turancin nasu ya yi mini yawa. Wai sun ba ni ɗaki kyauta, ni da Hajiya, kwana bakwai a kan teku." Saƙon imel ne daga wani kamfanin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ya taɓa shiga shekaru biyu da suka wuce bisa gayyatar abokan kasuwancinsa, kuma a waccan tafiyar ya zauna a gaban injinan caca na dare uku ko huɗu. Na karanta saƙon har ƙasa, inda aka jera sharuɗɗa da ƙananan haruffa, sannan na ce, "Kawu, ɗakin gaskiya ne, ba damfara ba ce, amma mu zauna mu yi lissafi kafin ka gaya wa Hajiya."

Lissafin da muka yi a ranar shi ne na faɗaɗa a nan, domin duk wanda ke Abuja yana sha'awar irin wannan tafiya kuma ya rasa ta wace ƙofa zai shiga. Ƙofofin huɗu ne: karɓar tayin gidan caca, tara maki a tsarin ladan yawan tafiya, farautar rangwame a biya da aljihu, ko zaɓar jirgin da ba shi da gidan caca kwata-kwata.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne ainihin kuɗin tafiya daga ƙofar gidanka har ka dawo, domin ga mazaunin Abuja ɗakin jirgin ruwa kashi ɗaya ne kawai na abin da zai kashe. Babu ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwa na shaƙatawa da ke ɗaukar fasinja daga Legas ko Fatakwal a kai a kai, saboda haka sai an hau jirgin sama daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa tashar da jirgin ruwan zai tashi, ko Miami ce, ko Basalona, ko Dubai, ko Durban, ko Jidda, ga kuɗin biza, ga otal na kwana ɗaya kafin tashi. Na biyu shi ne ɗorewa, wato ko amfanin da aka samu zai ci gaba ko kuwa sai an sake biyansa kowace shekara. Na uku shi ne sauƙi ga mai riƙe da koren fasfo. Na huɗu shi ne haɗari, a kan dukiya da ɗabi'a da addini.

A kan wannan na ƙarshe ba zan ɓoye matsayina ba. Caca haramun ce ga Musulmi da nassin aya ta 90 a cikin Suratul Ma'ida, kuma coci-coci da dama ma suna hana mabiyansu. Wanda wannan ya ishe shi yana iya tsallake ƙofa ta farko. Amma na san mutane da yawa da ke ganin cewa ɗan taɓa inji na 'yan dare ba wani abu ba ne idan har zai jawo tafiyar kyauta, kuma su ne nake so su ga alƙaluman da idonsu.

Ƙofa ta farko: tayin gidan caca

Da zarar fasinja ya shiga jirgi ana ba shi kati guda wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne kuma abin sayayyarsa. Idan ya zura wannan kati a injin caca, ko ya miƙa shi a teburin karta, kwamfuta tana rubuta yawan abin da yake zubawa a kowane zagaye, da tsawon lokacin da ya zauna, da irin wasan da ya zaɓa. Kamfani bai damu sosai da ko mutum ya ci ko an cinye shi a daren ba. Abin da yake aunawa shi ne asarar da lissafi ya nuna mutumin zai yi idan ya daɗe yana wasa haka, wato kuɗin kowane zagaye, sau yawan zagaye, sau rabon da gida, wato gidan cacar, ke da shi a wasan. Daga cikin wannan asarar lissafi ake yanko wani kaso a mayar masa da sunan kyauta: abin sha, cin abinci a ɗakin cin abinci na musamman, kuɗin wasa na kyauta, ko ɗaki a tafiya ta gaba. Ke nan kyautar a koyaushe ba ta kai abin da ake sa ran karɓa daga gare shi ba, domin da ta kai, da tsarin bai wanzu ba.

Kowane kamfani yana da sunan tsarinsa. Na Royal Caribbean shi ne Club Royale, na Carnival shi ne Players Club, na Norwegian kuma Casinos at Sea. Mu ɗauki na farko, tunda alƙalumansa sanannu ne. Ana samun maki ɗaya a kan kowace dala 5 da ta ratsa injin caca, kuma ana buƙatar maki 2,500 a cikin shekarar wasa, wadda ke farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris, kafin a kai matakin da suke kira Prime, wanda ke zuwa da ɗakin ciki marar taga kyauta sau ɗaya a shekara da abin sha kyauta a cikin gidan cacar. Matakan da ke sama da shi suna buƙatar maki 25,000 da kuma 100,000.

Maki 2,500 na nufin dala 12,500 ta ratsa inji. Ba lallai ne mutum ya fito da wannan adadi daga aljihu ba, domin abin da ya ci yana sake zubawa, kuma shi ma ana ƙirga shi, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa su ɗauka abin da sauƙi. Idan yana zuba dala biyu da rabi a kowane dannawa, zai danna sau 5,000, wanda zai ci masa kimanin awa goma idan yana danna sau 500 a awa. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa injin yana riƙe kashi 10 cikin 100 na abin da ya ratsa shi: asarar lissafi ta zama dala 1,250, wato naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da saba'in da biyar idan aka ƙiyasta dala a kan naira 1,500. A lokacin da ba na cunkoso ba, ana iya sayen ɗakin ciki na mutum biyu a farashin da bai yi nisa da wannan adadi ba, ba tare da an ɓata awa goma a ɗaki mai hayaniya ba. Wannan kuma matsakaicin lissafi ne. Wani zai tashi da riba, wani kuma zai yi asarar ninki biyu ko uku kafin makinsa ya cika.

Wasannin tebur ma haka suke. Faifan rulet mai sifili biyu yana bai wa gida kashi 5.26 cikin 100, mai sifili ɗaya kuma kashi 2.7. Wanda ke zuba dala 25 a kowane juyi, juyi 40 a awa, na tsawon awa huɗu, ya ratsa da dala 4,000, kuma asararsa ta lissafi a faifai mai sifili biyu ta kai dala 210 a dare guda. A kartar ashirin da ɗaya, wadda ƙwararren ɗan wasa kan iya rage rabon gida zuwa kusan rabin kashi ɗaya, tebura da yawa masu ƙaramin kuɗi suna biyan wanda katinsa biyu na farko suka cika ashirin da ɗaya shida a kan biyar a maimakon uku a kan biyu, wato dala 12 a kan dala 10 a maimakon dala 15, kuma wannan ɗan sauyi kaɗai yana ƙara wa gida kusan kashi 1.4. Wasan da rabon gida ya yi ƙanƙanta a cikinsa, makinsa ma a hankali yake taruwa, don haka babu wata dabara da za a zagaye lissafin da ita.

Sai kuma abin da kalmar kyauta ba ta rufe ba. Mai ɗakin kyauta yana biyan haraji da kuɗin tashoshin da jirgi zai tsaya, yana kuma biyan tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa asusunsa kullum, wanda a manyan kamfanoni yake kaiwa tsakanin dala 16 zuwa 20 ga mutum ɗaya a rana. A kan dala 18, mutum biyu a kwana bakwai za su biya dala 252. Intanet, yawon gari a kowace tasha, jirgin sama da biza duk suna kansa. Da muka jera waɗannan a bayan wata takardar rasit, Kawu ya ga cewa abin da aka yafe masa bai kai abin da ya rage zai biya ba.

Ta fuskar ɗorewa wannan ƙofa ita ce mafi rauni. Makin caca yana komawa sifili a farkon kowace shekarar wasa, kuma tayin da ke zuwa ta imel yana bin yadda mutum ya yi wasa a tafiyoyinsa na baya-bayan nan. Babu wanda zai kama ka idan ka karɓi ɗaki ka ƙi wasa, amma tayin zai ragu ko ya tsaya, kuma mutane da yawa suna jin nauyin kyautar a ransu, irin na wanda ya ci ladan kuturu. Ta fuskar sauƙi, tayin yana ɗaure ne da wasu jirage da wasu ranaku, da sunan wanda aka aiko wa, kuma na kamfanonin Amurka galibinsa daga tashoshin jihar Florida yake tashi. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, ba a mayarwa ko an hana, kuma a watan Yulin 2025 aka taƙaita yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, alhali jirgin da ya tashi daga Miami ya tsaya a tsibiran Bahamas ya dawo, sake shiga Amurka ne. Dokokin nan suna sauyawa, don haka a tabbatar da halin da ake ciki kafin a biya ko sisi.

Haɗari mafi girma yana cikin katin nan da na ambata. Ana iya cajin kuɗin wasa kai tsaye a asusun ɗaki, wani lokaci da ƙarin la'ada, ta yadda mutum ba ya ganin takardar kuɗi tana barin hannunsa sai a daren ƙarshe da aka kawo masa jimla. Gidan caca yana rufe idan jirgi na tsaye a tasha, yana buɗewa bayan an fita daga ruwan da ke ƙarƙashin ikon ƙasa, wanda yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta iyakance da mil 12 na teku daga gaɓa. Ma'ana yana buɗe ne daidai lokacin da babu inda za ka je. A jirage da yawa an gina shi a tsakiyar bene da ake bi zuwa ɗakin cin abinci ko zauren wasanni, sai ka ratsa ta cikin fitilu da ƙararrawar injina ko ba ka yi niyya ba.

Ƙofa ta biyu: ladan yawan tafiya

Wannan tsari dabam yake da na caca, kuma mutane kan haɗa su. A nan kwanakin da ka yi a jirgi ake ƙirgawa. A Royal Caribbean sunansa Crown & Anchor Society: maki ɗaya a kowane dare, biyu ga wanda ya kama babban ɗaki na alfarma ko yake shi kaɗai a ɗaki, kuma matakin Diamond, inda amfanin ya fara zama na a zo a gani, yana buƙatar maki 80. Mai tafiyar kwana bakwai sau ɗaya a shekara zai shafe shekara goma sha biyu kafin ya isa. Makin ba ya ƙonewa, kuma babu haɗarin asara, amma ladan ƙanana ne, irin su abin sha, ɗan rangwame da wurin zama na musamman.

Na MSC, wato Voyagers Club, ya fi dacewa da mu ta hanya biyu. Yana bai wa mambobi rangwamen kashi 5 cikin 100, kuma yana da tsarin daidaita mataki, inda mai babban matsayi a wani kamfanin jiragen ruwa ko rukunin otal zai nemi a ba shi kwatankwacinsa tun kafin tafiyarsa ta farko. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aiki ke yawan kai shi otal-otal na Hilton, har da na Maitama, kuma yake da katin Hilton Honors, ya kamata ya gwada wannan, tunda neman ba ya cin ko kwabo.

Ƙofa ta uku: farautar rangwame

Wannan ita ce hanyar da kuɗinta yake a fili tun farko. Daga Janairu zuwa Maris kamfanoni kan fito da mafi yawan tayinsu na shekara. Akwai kuma ɗakin da ake saya a bar wa kamfani zaɓin inda zai kasance, wanda ya fi araha, sai dai yana iya faɗawa kusa da inji ko ƙarƙashin zauren kiɗa. Akwai tafiyoyin sauya sheƙa, lokacin da jirage ke barin Turai a watan Oktoba ko Nuwamba zuwa wurare masu ɗumi, su dawo a Maris ko Afrilu. Kuɗin kowane dare a irin waɗannan yana da sauƙi ƙwarai, amma tafiyar doguwa ce, tana farawa a wata nahiya ta ƙare a wata, sai an sayi tikitin jirgin sama biyu dabam, wataƙila da biza biyu. Kwanakin tsakiyar teku sun fi yawa a cikinsu, kuma su ne kwanakin da gidan caca ke buɗe tun safe, abin da mai raunin zuciya a wannan fanni ya kamata ya sani.

Rangwamen ƙurarren lokaci, wanda Turawa ke morewa, bai cika yi mana amfani ba, domin kafin a samu ranar ganawa a ofishin biza jirgin ya tashi. Abin da ya fi mana shi ne kama ɗaki da wuri, da kuɗin ajiya da za a iya mayarwa, sannan a nemi biza kafin ranar cika kuɗi, wadda ke zuwa wata biyu zuwa huɗu kafin tafiya gwargwadon kamfani da tsawon tafiyar. Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, kuma idan jirgin zai tsaya a Turkiyya ko Tunisiya sannan ya koma Italiya ko Sifen, biza mai ba da damar shiga sau da yawa ake buƙata. Wanda ba ya son wahalar Turai yana iya duba jiragen MSC da ke tashi daga Durban da Cape Town a lokacin zafinsu, kusan daga Nuwamba zuwa Afrilu, zuwa gaɓar Mozambik, ko waɗanda ke zagaya Dubai, Abu Dhabi da Doha a lokacin sanyi. Kada a manta da katin allurar shawara, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin asusun dala, tunda katin naira yana da iyaka a kan abin da za a kashe a waje.

Ƙofa ta huɗu: jirgin da ba shi da gidan caca

Akwai su, ko da yake ba su da yawa. Jiragen Disney ba su da gidan caca, an tsara su don iyali da yara, amma suna da tsada. Na Viking ma ba su da shi, sai dai ba sa ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 18, kuma su ma ba na mai neman araha ba ne. Dukkansu biyun ana sayar da giya a cikinsu. Wanda ya fi kusa da buƙatar yawancin mutanenmu shi ne AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara aiki a watan Disamban 2024 daga Jidda a kan Bahar Maliya: babu caca, babu giya, abincinsa halal ne, kuma akwai wuraren salla. Jidda gari ne da mutanenmu suka saba da hanyarsa, kuma ana iya haɗa tafiyar da Umara, muddin an tambayi wakilin tafiye-tafiye irin bizar da za ta ba da damar fita da jirgin ruwa a sake shigowa. Rauninsa shi ne sabon kamfani ne, hanyoyinsa da ranakunsa ba su kai na manyan yawa ba, kuma a wasu watanni jirgin yana komawa wani teku.

| Ma'auni | Tayin gidan caca | Ladan yawan tafiya | Farautar rangwame | Jirgi marar caca |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin ɗaki | Ba a biya kai tsaye. Ana biya ta asarar wasa | Cikakke, da ɗan ragi | Ragagge, sananne tun farko | Cikakke, wani lokaci mai tsada |
| Haraji, tukwici, jirgin sama, biza | Kai za ka biya | Kai za ka biya | Kai za ka biya | Kai za ka biya |
| Ɗorewa | Shekara ɗaya, sai an sake wasa | Yana taruwa cikin shekaru | Kowace tafiya da nata | Ba ya jingina da komai |
| Sauƙi daga Abuja | Kaɗan. Ranaku da tashoshi ƙayyadaddu | Matsakaici | Mai kyau idan an fara da wuri | Mai kyau ta Jidda |
| Haɗari | Babba, ba shi da iyaka | Kaɗan | Asarar kuɗin ajiya idan biza ta ƙi | Kaɗan |

Wace ƙofa ce ta wa?

Magidancin da zai tafi da iyali, ko wanda ke son hutu ba tare da ya riƙa kawar da kai daga abin da addininsa ya hana ba, ƙofa ta huɗu ce tasa, kuma ta Jidda ya kamata ya fara tambaya. Ma'aurata ko abokai da za su gwada tafiyar karon farko, kuma kuɗi ne babban abin dubawarsu, su bi ta uku: gajeriyar tafiya ta kwana uku zuwa biyar daga Durban ko ta mako guda daga yankin Gulf, a kama ɗaki wata shida kafin lokaci, a yi rajistar tsarin lada a ranar da aka kama tunda kyauta ne. Ɗan kasuwar da ke fita waje sau da yawa a shekara, mai biza mai tsawo da katin otal mai daraja, shi ne kaɗai ƙofa ta biyu za ta yi wa amfani na gaske, kuma sai ya tsaya a kan kamfani ɗaya.

Ƙofa ta farko ba zan ba kowa shawarar ya shige ta ba. Wanda bai taɓa caca ba, kuma yake tunanin farawa don a aiko masa da ɗaki, ya sake duba dala 12,500 da awa goman nan, ya kwatanta da farashin ɗakin a shafin kamfanin a ranar da yake so. Wanda tayin ya riga ya iso wayarsa kuma yake ganin zai iya karɓar ɗakin ya ƙi wasa, ya tambayi malaminsa hukuncin cin irin wannan kyauta, ya kuma tambayi kansa da gaskiya ko zai iya ratsa wancan bene sau uku a rana har kwana bakwai. Idan ya tafi, ya je ofishin kula da fasinjoji tun ranar farko ya nemi a toshe cajin gidan caca a katinsa. Wanda kuwa ya san ya taɓa bin asara da ƙarin kuɗi, ko a shagon cacar ƙwallo ne a Nyanya ko Kubwa, jirgin da ke da gidan caca bai dace da shi ba ko da shi ya biya ɗakinsa.

Kawu ya ninke takardar rasit ɗin ya sa a aljihun gaba, ya ce in nemo masa lambar wani wakilin tafiye-tafiye a Wuse da zai faɗa masa kuɗin Umara haɗe da kwana huɗu a Bahar Maliya, na mutum biyu, bayan ƙaramar Salla.